Tambaya da Amsa: Mi ya hana Bayahude cin tarwaɗa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Argungu ne, sana'ar gidanmu banda tun kakanni. Ƙanena yana karatu Ingila, ya tafi da bandar tarwaɗa kwali guda, ya kai ma wani abokin karatunshi Bayahude tsaraba sai mutumin ya yi godiya amma ya ce shi ba ya cin irinta, alhali ƙanen nawa ya sha ganin shi yana cin kifi. Wallahi abin ya sosa min rai, raini ne ko mi?
Daga wani mai karatu, Argungu, jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba raini ba ne, dokar addininsu ce, tarwaɗar taka ba ta yi laifin komai ba. Suna da tsarin abinci da suke kira kashrut, abin da ya halatta kuma su ce kosha. A Attaura, littafi na uku babi na 11, an ce cikin halittun ruwa ba a cin komai sai mai ƙege da kamɓori, wato ɓawon nan da mata ke kankarewa da wuƙa kafin a wanke kifi. To kai da ka tashi bakin Matan Fada ai ba sai na faɗa maka ba, tarwaɗa jikinta sumul yake sai santsi. Kurungu ma haka, ragon ruwa haka, duk sun fita. Amma karfasa ta shiga, giwan ruwa ma da ake ɗagawa ranar gasar su ana tafi, wannan halas ne a wurinsu lafiya lau.

Kuma fa mutane ne masu son kifi, musamman ranar Juma'a da daddare da suke shiga hutun Asabar, ranar da addininsu ya hana su yin aiki. Yahudawan gabashin Turai suna niƙa tsokar kifi da albasa su cura su dafa tun kafin rana ta faɗi, suna ce masa gefilte, an ce har da dalilin kada a zauna tsintar ƙaya ranar Asabar don ita ma aiki ce a wurinsu. Na Libiya kuwa a jar miyar tumatir da barkono suke dafa nasu, ni dai in za a ba ni zaɓi wannan zan ɗauka, wancan da sanyinsa ake ci, ina dalili.

Wani abin da ya kamata ƙanen naka ya sani, ko kifin mai kamɓori ne, mai riƙo da addini sosai zai so ya san a kan wace waya aka banda shi, in tare da tarwaɗa aka jera su zai iya ƙi. Kada kuma ya ce bari in rama da kilishi. Nama sai yankan mahaucinsu da suke kira shohet, a jiƙa shi a barbaɗe da gishiri jini ya tsane, kuma ba a haɗa shi da madara ko man shanu, har tukwanen daban ne, da yawansu sai sun jira awa 6 bayan cin nama kafin su taɓa nono. Raƙumi da zomo ma ba sa ci. In ka duba Suratul An'am aya ta 146 za ka ga an ambaci kitsen shanu da tumaki da aka haramta musu.

In zai sake kai tsaraba ya riƙe masa dabino ko ɗanyar gyaɗa, ko aya. Tarwaɗar kuma ku turo min nan ofis, ina da manja.