Me ke sa tauraron ƙwallon kwando ya bar kulob ɗinsa?

Malam, ka tambaya ko kwaɗayin kuɗi ne ke sa babban ɗan wasa ya tattara ya bar kulob ɗin da ya yi suna a cikinsa. Na daɗe ina hana idona barci saboda wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma a ganina kuɗi ne dalili mafi rauni.

Dokar gasar ma ta fi saka wa wanda ya zauna. Kulob ɗinka zai iya ba ka kwantiragin shekara 5, na waje ba zai wuce 4 ba. Tun 2017 kuma akwai kwantiragi na musamman da kan kai kashi 35 cikin ɗari na iyakar albashin da aka yanka wa kowane kulob. Shi tauraron ɗan wasa Giannis Antetokounmpo ya sa wa hannu a Milwaukee a 2020, kusan dala miliyan 228. To wanda ya tafi, sau da yawa barin kuɗi ya yi.

Abin da ke cin su a rai kofi ne, ga shekaru na tafiya, ga gwiwa ba ta jiran kowa. LeBron James ya yi kaka 7 a Cleveland yana ɗauke da kulob a wuyansa, ba a samo masa abokan wasa na kirki ba. A 2010 ya fito talabijin kai tsaye ya ce Miami za shi. Har rigarsa magoya baya suka ƙona a kan titi. Ya ci kofi a 2012 da 2013, ya dawo a 2014, ya ɗauko musu nasu a 2016, sai ga masu ƙona riga suna rawa.

Ta Kevin Durant ce har yau ba ta kwanta mini ba. Kulob ɗinsa Oklahoma na gaba 3-1 a jerin wasannin da wanda ya fara cin 4 ke wucewa, Golden State ta farke ta fitar da su a 2016, shi kuma ya kwashi kayansa ya koma wurin waɗanda suka doke shi. Ya samu kofi biyu, amma bakin mutane bai bar shi ba.

Wani kuma gida ke kiransa. Kawhi Leonard ya ci wa Toronto kofi a 2019, bai ƙara ko kaka ɗaya ba ya wuce Clippers ta Los Angeles, yankin da ya taso.

Kada ka manta kuma, ba kowa ne ke tafiya da ƙafarsa ba. Oklahoma ce ta yi musayar James Harden zuwa Houston a 2012 don gudun harajin wuce iyakar albashi. Luka Doncic kuwa cikin dare aka sanar da shi Dallas ta miƙa shi ga Lakers a Fabrairun 2025, alhali bai nemi tafiya ba.

Idan kana son gane wanda ke shirin tafiya, duba wanda ya rage masa shekara ɗaya ko biyu, ya kuma ƙi sabunta kwantiragi. Kulob ba ya yarda ya tafi a banza, gara ya yi musayarsa tun yana da daraja. Haka New Orleans ta yi da Anthony Davis a 2019.