Kiwi a Kan Dutsen Ɗa'ifa: Amsoshin Wasiƙunku

Wani ɗan'uwa da ke kula da istirahar (gidan shaƙatawa) kafilinsa, wato maigidansa, a Jidda ya ce ya wanke ƙwayoyin kiwin da suka sha, ya shuka a bokiti, sun tsiro, yaushe zai ga 'ya'ya? Ba za ka gani ba, Malam. Hayward, irin kiwin nan kore mai gashi da ake sayarwa a baƙala (kantin unguwa), sai ya kwashe sa'o'i kamar 600 zuwa 800 cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin ya yi furen kirki, Jidda kuwa ba ta san wannan sanyi ba. Sa mangwaro ko gwanda a wurin. Mutanen kan duwatsu, na Shafa da Hada a Ɗa'ifa da na Baha da Abha, su ne ke da ta cewa, su ma sai a kwarin da sanyi ke kwana.

Daga Shafa: "Shekara biyar, rumfa ta cika da ganye, fure yana zuwa yana zuba, ko ɗa ɗaya babu." Baba, kai da ka yi barkar dabino ba sai na yi dogon bayani ba. Kiwi ma da mace da namiji. Leƙa cikin furen: na mace yana da fararen zare a tsakiya sun baje kamar tauraro, da ɗan ƙulli a ƙarƙashinsu, na namiji kuwa garin rawaya ne zalla. Namiji ɗaya yana isar mata takwas. In babu, ka samo reshensa ka yi aure a kan ɗaya daga cikin naka a ƙarshen sanyi. Kuma kada ka dogara da ƙudan zuma kaɗai, furen kiwi ba shi da ruwan zaƙi, ba sa ɗokinsa. Tsinko na namiji da safe ka goga wa na mace da hannunka.

Sai maganar ganye mai rawaya, wasiƙu uku a kanta wannan karon, kuma dukansu sai da suka yi feshi sannan suka tambaya. Ɗaya ya zubar da ɗaruruwan riyal a maganin ƙwari, alhali ko ƙwaro ɗaya bai gani ba. Na gaji da maimaitawa: mai shagon magani abin da ke kan kantarsa zai sayar maka.

Kiwi ɗan dajin ƙasar Sin ne, daga can aka kai irinsa Niyuzilan a 1904. Ya saba da ƙasa mai ɗan tsami, pH (ma'aunin tsamin ƙasa) 5.5 zuwa 6.5, da ruwan sama. Tamu ƙasar farar ƙasa ta yi mata yawa. Ɗebo ƙasar gindin a murfin kwalba ka ɗiga mata khal, wato ruwan tsamin nan, binega. In ta yi kumfa tana "shuu", ka gano ciwonka. Sinadarin ƙarfe yana nan cikin ƙasar, saiwa ce ta kasa shan sa, shi ya sa sabon ganyen kan reshe ke fita rawaya, jijiyoyinsa kore shar. Maganinsa takin tumaki da ya ruɓe sarai, da farar wuta a cakuɗa da ƙasa, amma aikinta na watanni ne. In kana gaggawa, nemi ƙarfen da aka rubuta EDDHA a buhunsa, jan garin nan mai duhu, ka jiƙa ka zuba a gindi da yamma don rana na lalata shi. Na EDTA ya fi araha, amma a irin ƙasarmu asara ce.

In kuwa bakin ganyen ne ya ƙone kamar an kara masa wuta, to gishirin rijiya ne ko iskar zafi. Ka kai ruwan a auna, ka surka da na wayit (tankar ruwa) in da hali, ka kafa kariyar iska. In duk shukar ta yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take, dakata da ban ruwa ka tona. Saiwa ta yi baƙi tana wari, ruwa ne ya kwanta mata. Na sha ganin an kashe kiwi da tausayi, ana ta bulbula masa ruwa safe da yamma. Kaɗan-kaɗan yake so, a kan kunya mai tudu.

Mai tambayar lokacin tsinka: ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, in ka yanka ka ga ƙwayoyin sun yi baƙi ƙirin. Da taurinsa ake cire shi.

Wata Hajiya daga Jarwal a Makka ta sayo kwalin kiwi guda a halaƙa (kasuwar kayan gwari), ga tauri ga tsami, yara sun ƙi. Hajiya, ware na kwana uku ki ƙulle a jakar takarda tare da ayaba ko tuffa, sai ya ɗan lotsa in kin danna da babban yatsa. Sauran ki sa a firji cikin leda mai huji, nesa da tuffa, zai yi makonni. Kada dai ki dama shi cikin nono ki ajiye, ɗaci zai yi. Abin da ke ɓata nonon kuma shi ke tausasa nama: ki murje rabin ɗaya a kan naman tsire, minti 30 ki wanke, in ya wuce haka zai koma kamar tuwo.