Da gaske 'yan Kanada "aboot" suke cewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a wata jami'a a Winnipeg ta ƙasar Kanada, in Allah ya yarda cikin Agusta zan tashi. Yayana da ke zaune a Houston ba ya kira na bai tsokane ni ba, wai kafin shekara ta zagayo zan koma cewa "aboot" maimakon "about", ina liƙa "eh" a ƙarshen kowace magana. Haka Turancinsu yake, ko barkwancin Amurkawa ne kawai? Sannan akwai kalmomin da ya kamata in sani kafin in sauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun, ya kai ka lafiya.

Yayanka ya ji wani abu kam, sai dai da kunnen Amurka ya ji shi. Ba za ka haɗu da ɗan Kanada mai cewa "abut" da "u" zalla ba. Ba'amurke kan buɗe baki sosai ya ce "abaut", kamar "au" ɗinmu na "sauri". Ɗan Kanada kuwa ba ya sauke haɓa har haka, harshensa na ɗan sama lokacin da zai fara wasalin, sai kalmar ta fito tsakanin "abaut" da "abot". Kunnen da bai saba ba ya san dai akwai bambanci, amma bai san inda zai ajiye shi ba, sai ya zarce da shi har "abut".

Abin kuma yana da ƙa'ida. Ɗaga harshen yana faruwa ne idan baƙin da ke biye maras ziza ne, irin su p, t, k, s da f. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja "sss", sannan ka ja "zzz": na biyun za ka ji yana kaɗawa, na farkon shiru. To shi ya sa wasalin "out" da na "loud" ba ɗaya ba ne a bakin ɗan Kanada, haka ma "write" da "ride". Masanin harshe Jack Chambers na Jami'ar Toronto shi ya raɗa wa wannan suna "Canadian raising" a 1973. Abin dariyar shi ne, Amurkawan da ke daf da iyaka, irin na arewacin Minnesota da North Dakota, kudu da Winnipeg ɗin da za ka, su ma ana jin irin wannan a bakinsu.

"Eh" ma gaskiya ce, ana faɗarta "ei". Aikinta aikin "ko?" ne a Hausa: "Yau akwai sanyi, ko?" Wani lokaci kuma ana sa ta a tsakiyar labari don a tabbata kana bi, kamar yadda wani kan riƙa cewa "ka gane?" Amma yawan da Amurkawa ke ba ta daga wasan kwaikwayo ya samo asali, kuma 'yan Kanada ne suka yi wa kansu. A 1980 gidan talabijin na CBC ya nemi shirin barkwanci na SCTV ya ƙara 'yan mintoci na abin da ya shafi Kanada tsantsa. Don shaguɓe, Rick Moranis da Dave Thomas suka fito a matsayin wasu 'yan'uwa biyu, Bob da Doug McKenzie, sanye da hulunan sanyi, suna shirme suna jefa "eh" da "hoser" (kalmar tsokana mai nufin wawa) ko'ina. Shirin ya karɓu a Amurka fiye da yadda aka zata, hoton ya zauna daram har yau. Mu ma mun san irin wannan: Bakano in zai kwaikwayi Basakkwace, "shina" da "hwara" kawai zai kama ya yi ta maimaitawa, kamar Sakkwatanci ba shi da komai sai su. A zahiri matasan manyan biranen Kanada sun fi cewa "right?" a gurbin "eh".

Sai "sorry", wadda 'yan Kanada ke furtawa "sori" da "o" cikakke, Amurkawa kuma "sari". Tsokanar cewa suna yawan ba da haƙuri ba ta rasa tushe: a 2009 lardin Ontario ya yi doka cewa ba da haƙuri ba ya zama amsa laifi a ƙarar diyya a kotu.

In aka cire waɗannan 'yan abubuwa, Turancin Toronto zuwa Vancouver ya yi kama da na Amurka ƙwarai, har Peter Jennings, haifaffen Toronto, ya shafe shekaru yana karanta labarai a gidan talabijin na ABC na Amurka. Dalilin na tarihi ne. Bayan yaƙin 'yancin Amurka ya ƙare a 1783, dubban mutanen da suka tsaya wa sarautar Ingila suka yi ƙaura arewa, da lafazinsu suka je. Rubutu ne ya riƙe wani abu na Ingila, "colour" da "centre" yadda aka koya maka a makaranta, harafin ƙarshe kuma "zed" ne, ba "zee" ba.

Inda bambanci na gaske yake, Amurkawa ba su cika sani ba. Tsibirin Newfoundland bai shiga Kanada ba sai 1949, kuma kakannin mutanensa masunta ne daga kudu maso yammacin Ingila da kudu maso gabashin Ireland. In ɗayansu ya ce maka "Whaddya at, b'y?" gaisuwa ce, "me ake ciki, abokina?", kuma ɗan Toronto kansa sai ya kasa kunne kafin ya bi su in suna sauri. A Toronto kuwa kada ka yi mamaki ka ji yaro a jirgin ƙasa, ba Musulmi ba, yana rantsuwa da "wallahi". Daga 'ya'yan Somaliyawa da Larabawa ta shiga bakin matasa, ta haɗu da kalmomin Jamaika. Lardin Quebec kuma Faransanci ne, wanda ɗan Zinder ko Maraɗi zai ɗauki kwanaki kafin kunnensa ya saba: mota "char" ce, kantin unguwa "dépanneur".

Kalmomin da za su yi maka amfani tun makon farko ba su da yawa. Kwabon dala ɗaya "loonie" ne, saboda hoton tsuntsun ruwan da ake kira "loon" da ke jikinsa tun 1987. Na dala biyu da ya fito a 1996 sai aka ce masa "toonie". Banɗaki "washroom". A shagunan shan kofi na Tim Hortons in ka ji an ce "double-double", kofi ne da sukari biyu da kirim biyu. Mai gida in ya ce haya ba ta haɗa da "hydro" ba, kuɗin wuta yake nufi, ba na ruwa ba, don daga madatsun ruwa lantarkin Manitoba, lardin da Winnipeg take, ke fitowa; wannan ka tambaya da kyau kafin ka sa hannu a takardar haya. Hular sanyi ta saƙa "toque" ce, ana faɗa "tuk", kuma a garin da ake wa laƙabi da "Winterpeg", inda sanyin Janairu kan kai 30 ƙasa da sifili, ba ado ba ce. Ka saya tun Oktoba.

Akwai kuma wata ta Manitoba da za ta ba ka sha'awa. In abokin karatu ya tallata maka tikitin "social", taro ne da masu shirin aure ke haɗawa a zaure, a yi kiɗa da caca ta kyaututtuka don tara kuɗin biki, kusan ajo ke nan. Ana sayar da giya a wurin, saboda haka in ba ka son zuwa, akwai tikitin gudummawa da mutane kan saya ba tare da sun halarta ba.

Shi kuma yayan naka, in ya sake kira, ka tambaye shi sau nawa ya ce "y'all", wato "ku duka" a bakin mutanen kudancin Amurka irin na Houston, tun safe.