Lissafin shagunana ya ƙi jituwa: in sayi manhajar haɗa bayanai?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina sana'ar taki da iri da maganin feshi a Zariya. Ina da shago a Sabon Gari, da wani a Samaru, da ƙarami a Giwa, sai sito a Ɗanmagaji. A Sabon Gari muna da manhajar sayarwa a kwamfuta, a Samaru yaro yana shigarwa a Excel, Giwa da sito kuwa littafi ne da biro. Akantana yana aiki da manhajar lissafi ta QuickBooks. Kuɗi suna shigowa ta na'urar POS biyu da asusun banki biyu. Duk ƙarshen wata sai mun kwashe kusan sati biyu muna neman inda lissafi ya karkace, kuma ba mu taɓa tashi da lamba ɗaya ba. Wani matashi ya ce zai girka mini manhajar haɗa bayanai irin ta manyan kamfanoni, ana biya da dala duk shekara, wai da kanta za ta tattaro komai in riƙa gani a waya. Mene ne wannan abu, kuma ya dace da kasuwa irin tawa?

Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Garin Zariya

Amsa

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Matashin bai yi maka ƙarya ba, manhajar tana nan kuma tana aiki. Inda muka rabu da shi shi ne kalmar nan "da kanta".

Aikinta ka riga ka san shi, domin shi ne aikin mai sayen hatsi. Zai bi kasuwannin ƙauye ya kwaso, ya dawo ya sheƙe ya tsince tsakuwa, ya sake aunawa da tiyarsa tunda kowace kasuwa da girman tata, sannan ya zuba a rumbu ɗaya. Manhajar ma haka take: ta kwaso bayanai daga inda suke, ta gyara su su zama siffa ɗaya, ta zuba a rumbun bayanai inda ake fitar da rahoto. In ka ji masu sana'ar suna cewa ETL, waɗannan matakai uku suke nufi. Abin da ba ta sani ba shi ne wace tiya ce taka, da kuma me ake kira tsakuwa a wajenka. Wannan kai za ka gaya mata.

Mu fara da kwasowa. Manhaja tana shiga wuri ne ta ƙofa. Wasu manhajojin suna da ƙofar da aka gina don wata manhaja ta shigo ta karanta, ana ce mata API, kuma QuickBooks na intanet yana da ita. Wasu sai dai ka fitar da fayil na Excel ko CSV ka miƙa. Littafin Giwa da na sito ba su da ƙofa kowace iri. Ke nan tun kafin a kunna komai, rabin kasuwarka tana waje, kuma a cikin rabin har da sito, inda dukiyar take jibge. Ka kuma bincika manhajar Sabon Gari tun yanzu, ko tana barin a fitar da cinikin rana a fayil. Akwai manhajojin shago da suke karɓar bayani amma ba sa sakin sa, sai ka koma wajen wanda ya rubuta su kana lallashi.

Gyarawa ita ce aikin gaske, kuma a nan sati biyunku suke tafiya.

Ɗauki sunan mutum ɗaya. Yaron Sabon Gari ya rubuta Muhammad, na Samaru ya rubuta Mohammed, mai sito ya rubuta Moh'd, a Giwa kuma kowa Mamman yake ce masa, ko ma a kira shi da sunan ƙauyensu. Kai kana ganin littafin ka san mutum ɗaya ne, har ka san mahaifinsa. Kwamfuta mutum huɗu take gani, kowanne da bashinsa. In ta haɗa maka rahoto, zai nuna mutum huɗu masu ƙananan basussuka da ba su kai a ɗaga waya ba, alhali mutum ɗaya ne ya ɗauki kaya masu nauyi daga shaguna uku. Akwai manhajojin da suke ƙoƙarin gane sunaye masu kama da juna, amma a garin da layi ɗaya zai iya ƙunsar Abubakar goma, hakan na iya ɗora wa wani bashin wani, wanda ya fi na farko muni.

Kaya ma haka. Wani ya rubuta kamfa, wani NPK, wani 15-15-15, kuma akwai 20-10-10 da shi ma kamfa ake ce masa, farashi kuwa ba ɗaya ba. Irin masarar nan SAMMAZ 15 da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar, za ka same shi a rubuce Samaz 15, ko masara 15, ko iri kawai. Sannan ga ma'auni. Sito yana fitar da yuriya buhu-buhu, mai kilo 50. A Giwa ana farke buhun a sayar rabi ko tiya-tiya. Maganin ciyawa ya fita daga sito a katan, ya fita daga shago a kwalba. In ba a rubuta wa manhaja kwalba nawa ne a katan ɗin wannan maganin ba, da tiya nawa kuke lissafa wa buhu, za ta tara katan 10 da kwalba 10 ta ce maka 20, ba tare da ko ɗar ba.

Za ka ce to a yi amfani da lambar waya wajen gane mutum. Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake bayarwa, amma da tarko a ciki. Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, sai ya yar da sifirin farko, 0803 ta koma 803. Wanda ya kwafo daga WhatsApp kuma zai kawo ta da +234. Lambar asusun banki mai lamba 10 da ta fara da sifiri ita ma haka take gutsurewa. Gyaran ba wuya, amma sai an san da shi an sa doka.

Na taɓa yi wa wani kamfanin abincin kaji irin wannan aiki, kuma kuskuren da ya fi ba ni kunya daga kwanan wata ya fito. Kwamfutar wani reshe an saita ta irin ta Amurka, wata kafin rana. Rasit ɗin 3 ga Yuni, da aka rubuta 3/6, sai ya faɗa 6 ga Maris. Daga 13 ga wata zuwa sama kuma, tunda babu wata na 13, manhajar ta riƙa ture layukan gefe shiru, ba ta gaya wa kowa ba domin ban saita ta ta yi magana ba. Rahoto ya fito tsaf, da zane mai launi, yana nuna cinikin reshen ya faɗi fiye da rabi. Saura ƙiris a sallami manajan, bawan Allah, sai da ya zo da damin rasit a leda muka zauna muna bi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ba na miƙa aiki sai da shafin da ke nuna layi nawa aka kwaso, nawa suka shiga, nawa aka ture da dalilin turewa. Ka nemi wannan shafin a wajen duk wanda zai yi maka aiki.

Sai maganar kuɗi, wadda nake zaton ita ta fi ci maka rai. A ce manomi ya ɗauki kayan naira 400,000. Ya biya 100,000 ta POS, ɗansa da ke Kaduna ya turo 150,000 daga asusunsa, sauran sai kaka. A bayanin banki sunan ɗan ne zai fito, ba na uban ba. Kuɗin POS kuma zai iya shigowa an cire caji, ya zama bai cika 100,000 cif ba, wani lokacin ma a dunƙule da na wasu. Babu manhajar da za ta san wannan yaron ɗan wane ne. Abin da ke warware shi al'ada ce a kan kanta: kowane rasit da lambarsa, a roƙi mai turo kuɗi ya sa lambar a wajen bayanin taransfa, in bai sa ba, kashiya ya rubuta sunan da ya fito a alat a jikin rasit ɗin nan take, kafin mutumin ya bar shago. In an yi haka manhaja za ta daidaita mafi yawa, ta bar wa akanta 'yan kaɗan ya bi da hannu.

Don haka kafin maganar dala, akwai aikin da ba ya cin ko kwabo sai zama da haƙuri. Ku fitar da jerin kaya guda ɗaya, kowane kaya da lambarsa da ma'auninsa. Ku fitar da jerin abokan ciniki, musamman masu ɗaukar bashi. Sannan ka yanke hukuncin da kai kaɗai za ka iya yankewa: in littattafai biyu suka saɓa, wa ke da gaskiya? A yawan kaya, sito. A kuɗin da ya shigo, banki. A farashi, jerin da ka sa wa hannu. Kuma mutum ɗaya tak ke da ikon ƙara sabon kaya ko sabon suna. Kada ka yi mamaki in wani daga cikin yaranka ya ƙi ba da haɗin kai. Wani tsoron kwamfuta ne kawai, wani kuwa ruɗanin yana yi masa rana, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Game da manhajar kanta, ga ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Irin su Informatica da Talend da Azure Data Factory an gina su ne don bankuna da kamfanonin sadarwa da masana'antu masu manhajoji da dama da miliyoyin layuka. A watan Mayun 2025 kamfanin Salesforce ya sanar da sayen Informatica a kan kusan dala biliyan 8, ka ga irin kasuwar da suke ci. Shago uku da sito ɗaya ba sa buƙatar tirela. Ga kuma biyan dala: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk wanda ke biyan kuɗin manhaja na shekara ya ji a jikinsa. Akwai na kyauta masu ƙarfi, irin su Airbyte da Apache NiFi, sai dai kyautar ta tsaya ne a lasisi, sai ka ɗauki mai kula da su da sabar da za su zauna, wato kwamfutar da za su riƙa aiki a kanta. Kuma kyauta tana iya ƙarewa: kamfanin Qlik ya sayi Talend a 2023, a ƙarshen Janairun 2024 aka dakatar da Talend Open Studio, sigarsa ta kyauta da mutane da yawa suka gina aikinsu a kai.

Hanya biyu nake gani a gabanka. Ta farko tana cikin kwamfutar akantanka yanzu haka. Tun daga Excel 2016 akwai Power Query a ciki, kuma ƙaramar manhajar haɗa bayanai ce cikakkiya. Kowane shago ya ajiye fayil ɗin cinikinsa a jaka ɗaya, a koya mata gyare-gyaren sau ɗaya, gobe a danna maɓalli ta maimaita. Shafin Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, cinikinka ba zai cika shi nan kusa ba. Ta biyu ita ce a rage yawan littattafan maimakon a yi ta ɗinke su: shaguna da sito da akanta duk su koma manhaja ɗaya irin ERPNext ko Odoo, ya zama banki da POS kawai suka rage a haɗa. Ga mai irin kasuwarka na fi karkata ga ta biyun, amma bayan an yi wata uku ko huɗu a ta farko, domin ita za ta tona duk inda sunaye da ma'aunai suka karkace da kuɗi kaɗan.

Batun gani a waya minti bayan minti, kada ya ɗauke maka hankali. Da yanayin wuta da sabis, musamman ranar kasuwa a Giwa, abin da kake so shi ne manhajar da za ta ci gaba da sayarwa ko babu intanet, ta tura in ya dawo. Rahoton jiya da ka buɗe bayan asuba ka yarda da shi ya ishe ka yanke shawarar lodin yau.

Akwai kuma amana. Sunayen manoma da lambobinsu da basussukansu suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma kai ne mai alhakinsu ko da wani ka ba aikin. Ka san inda za a ajiye su da waɗanda za su iya buɗewa. Duk asusun da za a buɗe, a buɗe shi da sunan kasuwarka da imel ɗinka, ba na mai girkawa ba. Lambar sirrin bankin da ake iya tura kuɗi da ita kuwa ba ta da abin yi a wannan aikin, bayanin shige da fice kawai ake buƙata.

Shi matashin kada ka kore shi, wataƙila gwani ne. Amma kada ka sayi kifi a ruwa. Ba shi bayanan wata ɗaya da ya wuce, wanda kuka riga kuka sha wahalarsa kuka san inda ya karkace, ka biya shi ladan gwajin, ka ce ya fito maka da yawan yuriyar da ta rage da jerin masu bashi. Ka lura da tambayoyin da zai yi. In ya dawo yana tambayar tiya nawa ne a buhu, ko wannan Mamman ɗin shi ne Mohammed na Samaru, to ka samu mutum. Ka tambaye shi nawa ne kuɗin shekara ta biyu, wa zai gyara in banki ya canza tsarin fayil ɗinsa, kuma in kun rabu ta yaya za ka kwashe bayananka. Lokacin farawa kuma ka bari sai bayan kaka, an karɓo basussuka shago ya lafa. Daga Mayu zuwa Yuli, sa'ad da motoci ke layi a bakin sito, ba yaron da zai tsaya neman lambar kaya manomi na tsaye a kansa.