Amsa Ga Baffa Na Gombe: Abin Da Ya Kai 'Ya'yanmu Karatun Aikin Soshiyal A Ingila

Assalamu alaikum Baffa. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ku da Goggo da mutanen gida na Jekadafari baki ɗaya.

Tambayarku ta iso, kuma ba ku kaɗai ke yin ta ba. Kun ce me ya sa yaran Hausawan Ingila suka raja'a a kan karatun aikin soshiyal, alhali labarin da ke zuwa Gombe shi ne 'yan soshiyal su ne masu ƙwace wa iyaye 'ya'yansu. Kun kuma ƙara da wadda ta fi zafi, wai wanda ya yi wannan karatu, ya zo ya auri 'yar ƙasar, me ya rage masa na Hausanci.

In za a kwatanta aikin da na gida, sai a haɗa jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da wani ɓangare na aikin mai unguwa da kuma dattijuwar da ake kira in aure ya rikice. Bambancin shi ne a nan komai da doka, komai a rubuce. Babu mai ikon kiran kansa ma'aikacin soshiyal sai yana da rajista da hukumar Social Work England, wadda ta karɓi wannan aiki a Disambar 2019, kuma duk shekara ake sabuntawa. Digirin farko shekara uku ne, mai digiri a wani fanni kuwa zai iya yin mastas na shekara biyu. A nan Bamingham tun 1908 jami'ar garin ke koyar da shi.

Abin da ya raba shi da sauran karatu shi ne kwana 200 na aiki a aikace. Kwana 30 na koyon dabarun aiki ne: yadda ake shiga gidan mutane, yadda ake yi wa ƙaramin yaro tambaya ba tare da an sa masa magana a baki ba, yadda ake rubuta rahoto. Daga nan sai a tura ɗalibi wurin aiki na kwana 70, galibi wata ƙungiyar agaji kamar gidan marasa matsuguni ko na matan da suka gudo daga duka. Na ƙarshe kwana 100 ne a inda ake aiki da ikon doka, wato sashen yara ko na manya na kansil, ƙaramar hukumar nan ke nan. Akwai gogaggen ma'aikaci da ke zama da ɗalibin kowane mako, kuma yakan bi shi gidajen mutane ya zauna gefe yana kallon yadda yake aiki. In wannan mutum ya rubuta cewa ɗalibi bai isa ba, cin jarrabawar aji ba zai fisshe shi ba.

To batun ƙwace yara. Ma'aikacin soshiyal shi kaɗai ba shi da ikon ɗauke yaro daga gida. Ko dai iyaye su amince, ko 'yan sanda su ɗauke shi na abin da bai wuce awa 72 ba, ko alƙali ya ba da umarnin gaggawa na kwana 8, wanda za a iya ƙara masa kwana 7. Dokar Yara ta 1989 ita ce uwar aikin. Sashe na 17 na taimako ne ga iyalin da ke cikin matsi, sashe na 47 kuma na bincike ne in ana zargin ana cutar da yaro ƙwarai. Binciken halin iyali bai kamata ya wuce kwanakin aiki 45 ba, shari'ar raba yaro da iyaye kuma an yanka mata mako 26, ko da yake sau da yawa takan zarce. Mafi yawan aikin da ake yi kullum taimako ne: neman wa iyali ɗaki, kuɗin abinci, kayan yaro mai naƙasa, mai zuwa duba tsoho a gida. Ba zan ce muku ba a kuskure ba. Ana yi, kuma kuskuren ne ya sa muke son namu su shiga.

Ku duba wannan, Baffa. Ma'aikaciya ta shiga gidan wata baiwar Allah 'yar wajenmu mai 'ya'ya uku. Ta lura uwar tana wasa da ƙananan biyu, tana kiran sunansu, amma babban ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan", in ya matso kusa ta kau da kai. Littafin da aka koya wa ma'aikaciyar ya ce wannan alama ce ta rashin shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa, kuma haka za ta rubuta. Ku kuwa kun san kunyar ɗan fari ce, wadda ba a fi ƙarfafa ta ko'ina kamar a gidajen Fulaninmu na Gombe ba. Haka yaron da ya sunkuyar da kai babba na yi masa magana: a wurinmu ladabi ne, a rahoto yakan koma "yana jin tsoro" ko "yana ɓoye wani abu". Har tabon nan mai shuɗi-shuɗi da ake haihuwar jariranmu da shi a gadon baya ko ɗuwawu an sha ɗaukarsa shatin duka, shi ya sa muke gaya wa masu jego su sa ungozoma ta rubuta shi a jan littafin nan da ake rubuta lafiyar jariri a ciki tun makon farko. Layi ɗaya a rahoto yakan bi iyali shekaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka in akwai ɗiyarmu a teburin da ake tattauna maganar, za ta ce a dakata, ga abin da wannan yake nufi.

Riƙo shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa rami ba da saninsu ba. A gida ka ba 'yar'uwarka ɗa ta riƙe, ba wanda zai tambaye ka. A nan, in yaro bai kai shekara 16 ba, ko 18 in yana da naƙasa, kuma zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, dole a sanar da kansil. Dangi na kusa a dokar su ne kaka, wa ko ƙane, ya ko ƙanwa, wanda suke ciki ɗaya ko uba ɗaya da uwar yaron ko ubansa, da matar uba ko mijin uwa. Ɗan baffa ba ya ciki, ƙanwar kaka ma ba ta ciki. Mu kuwa duk macen da ta girme mu a dangin uba Goggo ce. Sai a tambayi mace mece ce dangantakarta da yaron, ta ce goggonsa ce, da zuciya ɗaya, daga baya a gano 'yar baffan ubansa ce, a rubuta cewa ta yi ƙarya. Ɗalibinmu da ya iya zana taswirar dangi, ya san bambancin 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya, cikin minti goma zai warware wannan.

Amma fa karatun ba ya koya wa kowa ya fake da al'ada. Duk ɗalibin wannan fanni sai ya karanta labarin Victoria Climbié, yarinya 'yar Kwaddibuwa mai shekara 8, wadda iyayenta suka ba wata 'yar'uwar kakanta riƙo don ta samu ilimi. Ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 da raunuka 128 a jikinta. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya nuna cewa an ga yarinyar tana ƙamewa a gaban mai riƙonta, aka ɗauka ladabin gidajen baƙar fata ne. Dokar Yara ta 2004 daga nan ta samo asali. Wannan shi ne darasin da ya fi wa ɗalibanmu nauyi, domin sai sun iya raba kunya da tsoro, su raba horo da azaba, a gidan da ake jin yarensu ana ce musu "ai ke tamu ce". Game da duka, Sikotlan ta hana shi gaba ɗaya a 2020, Wels a 2022. A Ingila har yanzu akwai ɗan sassauci ga iyaye, amma da zarar an bar shati, sassaucin ya ƙare, kuma bulala ko wayar wuta ba mai sauraron uzurinsu. Cire beli a hannun wanzami in an zo hutu gida ma yakan jawo bincike in likita ya gani.

Yanzu maganar aure, wadda na san ita ce a ranku. E, 'ya'yanmu suna auren waɗanda ba Hausawa ba. Mu 'yan kaɗan ne, warwatse a Landan da Manchesta da Bamingham da wasu garuruwa. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum uku cikin goma na Bamingham Musulmi ne, amma akasarinsu 'yan asalin Pakistan ne da Bangaladash da Somaliya da Yaman. Da su yaranmu suka yi makarantar allo ta yamma a unguwannin Small Heath da Alum Rock, da su suke sahu ɗaya ran Juma'a. Saboda haka auren da ya fi yawa da su ne, sai Yarabawa Musulmi da 'yan Gambiya, sai kuma Turawa da 'yan Jamaika da suka musulunta. Ana neman aure wurin waliyyi, ana yanka sadaki, ana kai lefe ko da akwati biyu ne. Abin da masu wannan karatu suka dawo suka koya wa iyayensu shi ne ɗaurin aure a masallaci kaɗai, in ba a yi rajista ba, doka ba ta san da shi ba. In miji ya rasu bai bar wasiyya ba, matar ba ta da gādo kai tsaye, in an rabu kuma kotu ba za ta raba musu dukiya a matsayin ma'aurata ba. Ana ba da sanarwa a ofishin rajista aƙalla kwana 29 kafin ranar. Kuma ina roƙonku ku isar wa dangi da wannan: tun 27 ga Fabrairun 2023 babu aure ƙasa da shekara 18 a Ingila da Wels, ko da yardar iyaye, ko da na masallaci ne, ko da a Gombe aka ɗaura wa yarinyar da ke zaune a nan lokacin hutu. Hukuncinsa yakan kai ɗaurin shekara 7, kuma iyayenta ne za su amsa.

Shin har yanzu mu Hausawa ne? Baffa, ku leƙa babbar kasuwar Gombe. Bafulatani da Batere da Batangale da Bawaje da Babole da Babarbare, kowa da harshen gidansu, amma da Hausa ake ciniki, da Hausa ake gaisuwar mutuwa, kuma an daɗe ana auratayya ba wanda ya ce asali ya ɓace. Abin da kuke yi ke nan shekara da shekaru, shi muke yi a nan, sai dai harshen da ya haɗa mu da maƙwabta Ingilishi ne. Muna raɗa suna ran bakwai, muna karo-karo in an yi rasuwa don a sallaci mamaci a binne shi da wuri gwargwadon yadda takardu suka bari, muna tuƙa tuwo da garin shinkafa ko samolina, kuka da daddawa ba sa yankewa a gidajenmu. Gaskiya ne Hausar yaranmu ta yi rauni, wasu suna ji ba sa iya mayarwa. Abin da ke mana ciwo shi ne in sun zo gida suka buɗe baki, sai a kwashe da dariya, a ce Bature ya zo. Yaron da aka yi wa haka sau biyu ba ya ƙara gwadawa. Alhali a wurin aikin nan Hausar tasu, duk rauninta, abin nema ce, domin tafintan Hausa yana wuyar samu, kuma ƙa'idar aiki ta hana a sa yaro ya yi wa uwarsa tafinta a maganar da ta shafi gidansu.

Inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe ba a aji ba ne. Na farko riƙe sirri. Jama'armu kaɗan ce, kowa ya san kowa, in ɗaliba ta ga sunan gidan da ta sani dole ta faɗa wa mai kula da ita nan take a sauya mata aiki, kuma ko mahaifiyarta ba za ta gaya wa ba. Kalma ɗaya a wurin biki ta isa a kore ta daga karatun. Na biyu rubutu: ziyarar da ba a rubuta ba kamar ba a yi ta ba ce, kuma dole a raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta raya. Na uku kunyar manya. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya musa wa babba yakan yi shiru a taro ko da ya ga likita ko shugabansa ya yi kuskure, sai a rubuta cewa ba shi da ƙarfin hali. Sallar Juma'a da azumi da batun musabaha da wanda ba muharrami ba, duk ana daidaita su in an faɗa tun ranar farko da ake rubuta yarjejeniyar wurin aiki. In aka bari sai an fara, nan ne ake samun saɓani.

Kun ce ƙanwata tana sha'awar zuwa ta yi mastas a wannan fanni. Kuɗin makaranta na 'yan ƙasa a digirin farko ya kai fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025, na baƙi kuwa ya fi haka nesa, kuma tallafin da gwamnati ke ba ɗaliban soshiyal ba ya hawa kan wanda ya zo da bizar karatu. Tun Janairun 2024 mai irin wannan mastas ba ya iya tahowa da miji ko 'ya'ya, don haka in maganar aurenta ta taso a yi lissafi da wannan. Za ta buƙaci sakamako mai kyau a jarrabawar Ingilishi ta IELTS, maki 7 ne abin da za ta sa a gaba, da takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sandan Najeriya, sannan a yi mata binciken DBS, wato binciken rashin laifi na nan, in ta iso. Jami'o'i suna tambayar aikin da mutum ya taɓa yi da jama'a, saboda haka ta fara tun yanzu, ko a gidan marayu ko a sashen jin daɗin marasa lafiya na asibiti, ta riƙa rubuta ranakun da ta yi da abin da ta yi, ta kuma karɓi takarda mai sa hannun shugaban wurin. In da hali ta koyi tuƙi kafin ta taso, domin wuraren aiki da yawa suna son ɗalibi mai mota.

A gaida Goggo da kyau.