Amsa Kan Raguwar 'Yan Kallo a Filayen Sukuwa

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa jama'a suke ƙaurace wa manyan tarukan sukuwa, da yadda za a dawo da su. A ganina, babban dalilin shi ne rashin tsayayyen wuri da lokaci, domin tsohon filin sukuwa na Legas ya koma Dandalin Tafawa Balewa, na Kaduna kuma Dandalin Murtala, ga tsadar dusa da harawa ta sa masu dawaki da yawa sun haƙura. Hawan Sallah kuwa har gobe yana tara jama'a a Katsina da Zariya, saboda kowa ya san ranarsa. Ya kamata masu shirya sukuwa su tsayar da ranaku tun farkon shekara, su sanar ta rediyo, su kafa rumfuna saboda rana da ƙura, sannan su sassauta wa matasa kuɗin shiga.