Amsa ga mai tambaya kan mahaifinta da ya daina fita majalisa

'Yar'uwa, kin tambaya ko tsufa ne kawai ya sa Baba ya daina fita majalisa kuma ya rage cin abinci tun bayan ritayarsa da rasuwar mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta. Ina roƙonku kada ku yi saurin ɗora wa tsufa laifi, domin abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon damuwa, kuma na ga irinsa a gidanmu.

Baffana, wanda a hannunsa na tashi, ya yi shekara 35 yana koyarwa. Da ya ajiye aiki fanshonsa ya yi jinkiri, sai mutumin da ya saba ciyar da gida ya koma jiran abin da 'ya'ya za su aiko, ga abokan zamansa suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa cewa yana cikin damuwa ba, domin dattijo a wajenmu yana ɗaukar furta hakan a matsayin ƙarancin tawakkali. Abin da yake faɗa shi ne jikinsa ba daɗi, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa. Rediyon da ba ya rabuwa da ita har ƙura ta yi a bakin taga.

Babban kuskurenmu shi ne, saboda tausayi, muka ɗauke masa cefane da shawarwarin gida, muka ce ya huta, ashe hutun ne yake cinsa, domin ya fara ganin ba shi da sauran amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kaɗaici da rashin abokan hulɗa cikin manyan abubuwan da ke jawo wa tsofaffi wannan ciwo, ta ce sun shafi kusan kashi 1 cikin 4 nasu.

Idan halin da mahaifinku yake ciki ya wuce mako biyu, ku kai shi wurin likita a duba hawan jini da ciwon suga, a kuma yi maganar damuwar ƙarara. Idan an tura ku asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, wannan ba abin kunya ba ne, kuma magani bai hana addu'a ba. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada ku bari a kwana ba ku kai shi ba.

Baffa ya sha magani makonni kafin mu ga sauyi, kuma a lokacin ne muka mayar masa da kuɗin cefane hannunsa, muka riƙa tura masa jikoki yana yi musu tilawa bayan magariba.